Zuciyar Baba a Faranti

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar wata Talata, ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatina ya ce ba zai wuce ba. Na riƙe lokacin ne don agogo nake kallo tun da jirgi ya sauke mu a filin wata ƙasar Larabawa, inda za mu sake wani jirgin zuwa Faransa. Akwatin ƙarami ne, fari, irin wanda ake ɗaukar allurar rigakafi a ciki. Kwalaben jini huɗu ne a cikinsa: na Baba, na ƙanwarsa Gwaggo Rabi, na Yaya Sanusi, da na ƙanena Habibu. A Yamai aka ɗebi jinin, kuma ɗanyen jini ba ya jira. In ya daɗe a hanya, ƙwayoyin da ake nema a cikinsa sai su soma mutuwa.

Takarduna a jere suke, kowace a cikin ledarta. Mutumin ya duba su sama-sama ya ce mai buga hatimi ya tashi, sai gobe. Ya ɗauki akwatin ya shige wani buro ya rufe ƙofa. Ni ba mai magana ba ce. Tun ina lakwal a Illela malamai ke cewa in ɗaga murya. Abin da na iya cewa kawai shi ne "don Allah", shi ma ƙofar na faɗa wa. Ina tsaye a wurin jirgina ya tashi.

Akwai wata cuta a gidanmu da mutanen garinmu Badagishiri suka san mu da ita. Kakana yana ban ruwa a garka ya faɗi, bai tashi ba. Ƙanen Baba ranar kasuwa ya faɗi, da buhun albasa a kansa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki. Sai da na shiga jami'a na lallashi Baba muka je wajen wani likitan zuciya a Yamai, ya ce naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, kuma abin gado ne. Habibu, da bai kai ashirin ba, ya riga ya soma haki in ya ja guga. Wannan ya sa na rubuta wa wata malama a Faransa mai bincike kan irin cutar, ta karɓe ni, ta ce in zo da jinin dangi in sun yarda. Ranar da aka ɗiba, Baba ya sa hannu da ajami yana dariya.

"Ni da ban taɓa wuce Yamai ba, ga jinina za shi Turai," in ji shi. "Balki, ki kula da shi, kar shi sha sanyi."

Da safe ina zaune gaban buron nan, wata mata mai jiki, da mayafi ruwan goro da jakunkuna kewaye da ita, ta tsura mini ido, sannan ta yi mini Hausa. Hajiya ce 'yar Konni, fatauci za ta.

"Ke ɗiyar nan, tun jiya nika ganinki kina gadin ƙohwar ga. Mi anka karɓe miki?"

"Jinin ubana, Hajiya."

"Subahanallahi! Kashe shi kinka yi?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ba ta gane rabi ba, ba ta kuma damu ba. Ta kwance wani ƙulli ta tura mini kilishi, ta ce in ci tukuna, mai yunwa ba ya iya faɗa. Sannan ta miƙe ta shiga buga ƙofar da tafin hannu, tana haɗa Larabcin Makka da Faransancin kasuwa da Hausa, har mutane suka taru. Da azahar aka fito mini da akwatin. Tun safe yana bakin taga, rana na dukansa. Da na taɓa murfin na ji ɗumi. Hajiya ta ce in daina kuka gaban kattin banza, ta gyara mini ɗankwali, ta ja jakunkunanta ta tafi. Ban tambayi sunanta ba.

Garin da na sauka yana arewacin Faransa, kusa da teku, kuma ruwan samansa ba irin namu ba ne. Ba ya zuwa da hadari ya zuba ya wuce. Yayyafi ne mai naci, ya wuni ya kwana. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa ni da shi, wanda ke ce mini "ƙanwata" a waya, ya riga ya karɓi kuɗin ɗaki ya aiko mini da hoton taga mai labule. Da na isa gidan na tarar da wasu mutane a ɗakin, ba su taɓa jin sunansa ba. Lambarsa kuma ta daina shiga. Na yi makonni a kan katifa a ƙasan ɗakin wata ɗaliba 'yar Kamaru, kafin in samu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufin gidan wata tsohuwa. In na miƙe tsaye sai kaina ya taɓa katako. Tsohuwar ba ta yawan magana, ni ma haka, sai muka daidaita. Wani lokaci nakan tarar da kwanon miya a kan matakala, ta manna 'yar takarda a murfi: babu alade.

Amma kafin duk wannan, daga tashar jirgin ƙasa labo, ɗakin bincike, na wuce kai tsaye, da akwatin a ƙirjina. Madam Klodin, malamar da ta karɓe ni, doguwa ce mai furfura, tana tafiya kamar ana binta. Ta ɗaga kwalaben ta duba a haske, ta tambaye ni kwana nawa suka yi, na faɗa mata. Ta ce za mu gwada. Na Gwaggo bai ba da kome ba. Na Yaya Sanusi da na Habibu ma haka. Na Baba kaɗai ya farfaɗo, 'yan ƙwayoyi ƙalilan. Marek, wani ɗan Polan da muke ɗakin aiki ɗaya, ya leƙa madubin ƙara girma ya ce, "Tsohon nan taurin kai gare shi." Ita ce magana ta farko da ta ba ni dariya a ƙasar.

Aikin shi ne wannan. Kowace ƙwaya a jikin mutum tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, amma ba duka take karantawa ba. Ƙwayar jini ta buɗe nata sashen ta rufe sauran, ta zuciya ma haka. Masana sun gano yadda za a sa ƙwayar jini ta mance cewa ita jini ce, ta koma kamar yadda take tun mutum yana gudan jini a cikin uwarsa, lokacin da ba ta zaɓi abin da za ta zama ba. Daga nan sai a bi da ita sannu a hankali, ana buɗe wannan sashe ana rufe wancan, har ta zama ƙwayar zuciya. Mun karanta rubutun gadon Baba muka samu harafi guda da ya saɓa. Aikina shi ne in gyara harafin a rabin ƙwayoyin, in bar rabi yadda suke, in ga bambancin bugunsu, sannan in gwada wane magani ke kwantar da marasa gyaran. Ba warkewa ba ce, Madam ta faɗa mini tun ranar farko. Amma za a san wa ke ɗauke da harafin a gidanmu, da kuma abin da ya kamata ya sha.

A cikin 'yan farantai na roba ake renon su, a wani akwati mai kamar firigo, sai dai ɗumin jikin mutum ne a cikinsa. Kullum sai an zuƙe tsohon ruwansu an zuba sabo, wani ruwa ja-ja da suke ci. Ba Asabar, ba Lahadi, ba Salla. In sun cika faranti sai a ɗebi kaɗan a kai sabo. Wasu kuma a daskarar da su a cikin 'yan kwalabe, a ajiye a wani babban tulun ƙarfe mai tururin sanyi, inda za su yi shekaru ba su mutu ba. Da na kwatanta wa Baba a waya, ban kai ƙarshe ba ya katse ni.

"To ai garka kike yi. Ban ruwa, dashe, ajiyar iri. Wanga abu na anka kai ki Turai ki koyo? Da kin tsaya nan na koya miki kyauta."

Baba manomin albasa ne, kuma irinsa ake nema har daga Tajaye. Mutum ne mai gaggawa. Yana cin tuwo a tsaye, yana sallame salla yana neman takalmi.

Wata safiya cikin hunturu na farko, na ɗora faranti a madubi na ga wani wuri yana motsi. Na zaci hannuna ne ke rawa. Na janye hannun. Wurin ya tsuke, ya saki, ya tsuke, ya saki. Na daɗe ina kallo kafin in kira kowa. Da yamma na aika hoton mai motsi a salular Habibu. Baba ya kira yana ta dariya har da tari.

"Wanga ni na? Ashe can ma ba a bar ni na huta ba!"

Na ji muryar Inna daga nesa tana cewa a'uzubillahi, ita ba ta kallo, a kawar mata da shi.

A labo, in an gama gwaji da faranti, ƙa'ida ɗaya ce. A zuba masa ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin su mutu, a jefa shi a jakar leda ruwan ɗorawa, mota ta zo ta kwashe a kai a ƙone. Na yi haka ba adadi. Nakan ji wani abu kaɗan a raina, amma Baba yana Badagishiri yana faɗa da masu sayen albasa, abin da ke faranti kuwa ragowa ce.

Haka na ci shekara guda da wani abu. Na saba da fita cikin duhu in dawo cikin duhu, alhali agogo na cewa yamma ce. Na saba da cin burodi a tsaye, da azumin da rana ba ta son faɗuwa, da mutanen da ke tambayata ko Nijar ce Najeriya. Abin da ban saba da shi ba shi ne rashin ƙasa. Ko'ina dutse ne da kwalta. Nakan yi marmarin in taka rairayi da tafin ƙafa.

Ranar da Baba ya rasu ina sanye da safar hannu, salulata na cikin kabad. Bayan la'asar ya faɗi a bakin rijiyar garka, kamar ubansa. Da na fito na ga kiran Yaya Sanusi jere, na kira shi, sun riga sun dawo daga maƙabarta. Takardar zamana tana wajen sabuntawa, kuma an ce mini in na fita da guntuwar takardar wucin gadi da ke hannuna ba tabbas a bar ni in dawo. Ban je ba. Na yi zaman makoki ni kaɗai a ɗakin da ba a miƙewa tsaye, tsohuwar gidan ta hau matakala da ƙyar ta zauna kusa da ni.

Washegari na tafi labo, don ba mai ba su ruwa in ba ni ba. Na ɗora faranti a madubi. Suna bugawa.

Bayan kwana kaɗan wani gwaji ya ƙare. Na ɗauko jabel, na buɗe murfin farantin, sai hannuna ya tsaya. A gidanmu ba a yar da abin da ya fito daga jikin mutum. In wanzami ya yi wa Baba aski, Inna kan share gashin ta tona rami a gindin katanga ta rufe. Haƙorin da aka cire masa a Malbaza, a tsumma ya ƙullo shi ya kawo gida ya binne. Cibiyar kowannenmu tana bayan ɗakin Inna, ta san wurin kowace. To ga wani abu na Baba, ba gashi ba, ba haƙori ba, abu mai motsi, ni kuma zan kashe shi da hannuna in ba da shi a ƙone. Wuta ce ta fi tsaya mini. Na mayar da murfin, na rubuta kwanan wata a gefe, na tura farantin can ƙuryar akwatin ɗumi.

Na san ilimin. Da ɗalibi zai tambaye ni, da na ce masa ƙwaya ba mutum ba ce, ba ta ji, ba ta sani, bugun nan gishiri ne ke shiga yana fita. Na yarda da wannan har yanzu. Amma mako na zagayowa na sake tura wani farantin ƙurya, na sake tura wani. Ƙwayoyin zuciya suna daɗewa in ana ba su ruwa, ni kuwa ba na fashi. Wurina a akwatin ɗumi ya cika. Marek ya ga ina neman wuri, ya matsar da nasa ya ba ni gefe, bai tambaye ni dalili ba. Shi yana ƙera wani abu ne a cikin ƙwayoyi, kamar makunnin lantarki da aka haɗa da guntayen rubutun gado, wanda zai sa ƙwaya ta yi haske kore in wani sashe nata ya farka. Ya yi wata da watanni yana fama, bai daɗe da samun waɗanda suka yi hasken ba.

Ban ruwan da nake gamawa kafin hantsi ya koma cin rabin wuni. Aikin gaske, na gyaran harafi da gwajin magani, ya tsaya cik. Bayana ya riƙe, idona ya yi zuru-zuru, nakan yi gyangyaɗi a bas in wuce unguwarmu. Ban faɗa wa kowa ba. Ban san da wane harshe zan faɗa ba.

Tsohon faranti da ake yawan buɗewa, ƙarshensa sananne ne. Wata Alhamis na ga wani farin abu kamar auduga a gefen ɗaya daga cikin na ƙurya. Fumfuna ce. Kafin a ankara ta bi akwatin. Ta ci nawa da yawa, ta ci na Marek, har da masu hasken, waɗanda bai kai ga daskarar da su ba.

Marek bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zauna a kan kujera ya cire tabarau ya ce, "Me ya sa kike tara shara, Balkisa?" Na faɗa masa. Ya mayar da tabarau. Ya ce kakarsa har ta mutu ba ta wanke kofin kakansa ba, ya gane. Sannan ya ce, "Amma kofin bai ci aikin kowa ba." Ya ɗauki rigarsa ya fita.

Madam Klodin ta kira ni buronta. Ta sa an ware sauran farantaina da ba su kamu ba a wani ƙaramin akwati, su kaɗai.

"Ƙwayoyi ne, Balkisa. Ba mahaifinki ba ne."

"Na sani, Madam."

"Na san kin sani. Shi ya sa ban san abin da zan ce miki ba."

Na tambaye ta ko za a ba ni su in binne, ko bayan an zuba jabel ɗin. Ta ce doka ba ta bari, an taɓa rubutun gadonsu, ba abin da ke fita daga ɗakin nan sai ta jakar leda. Ta ce tana iya sa wani ya zubar da su yanzu-yanzu, amma mako mai zuwa zan sake tarawa. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da zubarwa, kowane gwaji da nasa. Ta ba ni zuwa Litinin. Ko in share su da hannuna in ci gaba, ko ta mayar da ni wani aikin na kwamfuta, na Baba kuma a bar shi a tulun sanyi. Ba wanda zai ɗauke shi, ta faɗa mini gaskiya. Kowa da nasa.

Ranar Juma'a bayan salla na tsaya a bakin ƙofar masallacinmu, wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, na jira liman. Dattijo ne ɗan Maroko. Ya saurare ni kansa a sunkuye.

"Gaɓa ce? Akwai ƙashi?"

"Babu."

"To jini ne."

"Da jini ne. Yanzu ba jini ba ne."

"Yana da rai?"

"Yana bugawa."

Ya shafa gemu. Ya ce jinin ƙaho ana son a binne shi in da hali, amma jinin ƙaho ba ya hayayyafa. Ya ce bai karanta wannan ba, ba zai ƙaga mini ba, zai tambayi waɗanda suka fi shi. Na ga girmansa da ya faɗi haka, amma Litinin ba za ta jira su ba.

Asabar na kira Yaya Sanusi. Direban babbar mota ne, na same shi a layin lodin siminti a Malbaza, ina jin ƙarar injuna.

"Ke Balki, boko ya taɓa miki kai? Mu mun sa shi rami da hannunmu, ke kina can kina kiwon shi tamkar kaji?"

"Yaya, ni tambaya nike."

"Ni direba na, ba malami ba. Ki zubar, ko ki bari, ni ban sani ba." Sannan ya ce, "Amma kar ki kuskura ki kai ma Inna zancen ga. Takaba take. Abin da ke kanta ya ishe ta."

Na ce to. Na wuni ina juya maganarsa. Ban taɓa tsallake maganar Yaya ba.

Ranar Lahadi da azahar ba kowa a labo sai ni da ƙugin injuna. Na ba su ruwa kamar kullum. Sannan na cire safar hannu na kira salular Habibu, kira mai hoto, na ce ya kai wa Inna. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, da zane mara ado, ba kwalli, ba 'yan kunne. Ta kusanto da fuskarta har goshinta kaɗai nake gani.

"Kin rame. Ba su ba ki abinci?"

Na faɗa mata duka, tun daga jabel har jakar leda da wuta, har aikin Marek da na ɓata. Ina magana ina jiran ta ce a'uzubillahi. Ba ta ce ba. Ta ce, "Gwada mini shi."

"Inna, da kin ce ba ki kallo."

"Da can yana raye. Mi za ni kallo a waya?"

Na ɗora faranti, na kunna allon da ke haɗe da madubin, na juya salular. Wurin ya tsuke, ya saki. Na marasa gyaran ne, bugunsu na sauri, yana yi yana tuntuɓe. Daga can ina jin akuya, da wata na daka a maƙwabta. Sai na ji muryar Inna.

"Ga shi nan da gaggawa tai," in ji ta. Na ji ta ja hanci. "Ko nan bai iya yin abu sannu ba."

Na juyo da salular. Na ce, "Inna, gobe za a tambaye ni. In zuba musu ko in bari?"

"Akwai iri?"

"Akwai. A daskare, cikin tulu. Ko shekara nawa."

"To." Ta gyara zama, ta goge ido da bakin zane. "Malam dai, ubanki, an wanke shi cikin gidan ga, an suturta shi, yayanki da Habibu sun ruhe shi gabas da gari. Ba abin da ya rage nai da ba a binne ba. Wanga da ke hannunki ba a aske shi ba, ba a cire shi ba, ba faɗuwa ya yi ba. Shi ya miƙa hannu ya ba ki, yana dariya, ya dawo gida yana yi ma mutane alfahari. Kin san shi in ya shiga rudu, rumbun albasa. Wadda ta soma ruɓa ba ya tsayawa yi mata ta'aziyya, waje yaka jefa ta, ko ita ta fi girma. Da ya ga kin bar tsohon dashe ya ci na maƙwabci, da kin sha faɗa. Ki ba yaron nan da kinka ɓata ma aiki haƙuri. Ki aje iri, ki share sauran, ki yi bisimilla in za ki zuba. In wuta ke damunki, ni na ɗauke miki, ki ce Inna ta sa ki. Jiya Habibu guga biyu ya ja ya zauna bakin rijiya yana riƙon ƙirji. Shi nika son ki yi ma ban ruwa."